Gonin Gora: Yadda Ƙidayar Gawarwaki Ke Komawa Makami

Duk matafiyin da ya taso daga Abuja zai shiga Kaduna ta babbar hanya, ko ya fito daga Kano da Zariya zai gangara Abuja, sai ya ratsa ta Gonin Gora. Unguwa ce a Ƙaramar Hukumar Chikun, a bakin ƙofar Kaduna ta kudu. Idan ka ambaci sunanta a tashar Kawo, abin da za a tuna maka shi ne tare hanya da kashe matafiya a lokutan rikici. Idan kuma a Sabon Tasha ka ambace ta, labarin da za ka ji na mutanen da 'yan bindiga ke kwashewa ne cikin dare. Abubuwan nan biyu duk sun faru, kuma duk suna rubuce a rahotannin ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam da na jaridu. Matsalar ita ce kowane ɓangare rabin rahoton yake karantawa, wato rabin da ya nuna shi aka zalunta.

Wannan ne ya sa ya kamata mu tsaya mu dubi aikin sa ido kan take haƙƙin ɗan'adam a wuraren da ake rikici da makami. Aiki ne mai daraja, kuma babu mai hankalin da zai ce a daina shi. Sai dai magani ma idan aka sha shi ba bisa ƙa'ida ba yakan haifar da wata cutar, kuma Jihar Kaduna ta ɗanɗani irin wannan fiye da sau ɗaya.

Littafi biyu, gari ɗaya

Rikicin shari'a na watannin Fabrairu da Mayun 2000 ya ci rayuka aƙalla 2,000 a Kaduna, sannan na gasar sarauniyar kyau ta duniya a Nuwamban 2002 ya ci kimanin 250, kamar yadda ƙungiyar Human Rights Watch ta rubuta. Tun daga nan gari ya dare biyu. Musulmi suka tattara zuwa Tudun Wada, Rigasa, Kawo da sauran unguwannin arewacin kogi, Kiristoci kuma suka koma Sabon Tasha, Romi, Narayi, Television da Gonin Gora. Mutanen da a da suke haya a gida ɗaya suka koma jin labarin juna daga bakin wasu.

A rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011, Human Rights Watch ta ce an kashe fiye da mutum 800 cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa. Ta ce fiye da 500 daga cikinsu a garuruwan kudancin Kaduna irin su Zonkwa, Matsirga da Kafanchan aka kashe su, kuma akasarinsu Musulmi ne. Rahoton dai bai tsaya nan ba, ya kawo Kiristocin da aka kashe da majami'un da aka ƙona a arewacin jihar da sauran jihohi. To amma wa ya karanta shi gaba ɗaya? Har gobe akwai mai wa'azin da Zonkwa kawai ya sani, akwai kuma wanda bai san komai ba sai majami'un da aka ƙona.

Ranar Lahadi 17 ga Yunin 2012, 'yan Boko Haram suka tayar da bama-bamai a majami'u biyu a Zariya da ɗaya a Tirkaniya cikin Kaduna. Kafin rana ta faɗi matasa sun tare hanyar Abuja a Gonin Gora, aka riƙa fito da matafiya Musulmi daga motoci ana kashewa, mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Gwamna Patrick Yakowa ya sa dokar hana fita ta sa'o'i 24. Wannan ta'asa ce da babu wani uzuri da zai wanke ta, kamar yadda babu uzurin da zai wanke kashe masu ibada a majami'a. Amma abin da ya biyo baya shi ne sunan unguwa ya maye gurbin sunayen masu laifi. Maimakon a ce wane da wane ne suka yi kisa, ga su a kotu, sai aka ce "'yan Gonin Gora", jimla guda da ta haɗa da jaririn da aka haifa bara da tsohuwar da ke sayar da gasasshiyar masara a bakin titi. Bayan rikicin Oktoban 2018, wanda ya faro daga Kasuwan Magani inda aka kashe mutum 55, Gwamna Nasir El-Rufa'i ya kai ga barazanar tayar da unguwar baki ɗaya idan aka sake tare hanya. Laifin da ba a ɗora wa mai shi ba, a ƙarshe kan al'umma yake faɗawa.

Alƙaluma kansu sun zama abin faɗa. Ranar 15 ga Fabrairun 2019, ana gobe ranar da aka fara tsayarwa don zaɓen shugaban ƙasa, gwamnatin Kaduna ta sanar da kashe mutum 66 a Kajuru, daga baya gwamna ya ce adadin ya kai 130 kuma Fulani ne. Shugabannin Adara da ƙungiyar Kiristoci ta CAN suka musanta, tsohon shugaban Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, Chidi Odinkalu, shi ma ya ƙalubalanci adadin, gwamnati ta maka shi kotu. Ana cikin wannan jayayya aka kai hare-hare ƙauyukan Adara irin su Karamai da Dogon Noma. Ko wane ne ke da gaskiya kan adadin, darasin a fili yake: a wurin da zukata suka riga suka yi zafi, faɗin adadin gawa tare da ƙabilarta da addininta, ba tare da an kama kowa ba, tamkar miƙa wa masu ramuwar gayya takardar bashi ne.

Wannan cuta ta tsallaka teku. Amurka ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da take zargi da tauye 'yancin addini a Disambar 2020, ta cire ta a Nuwamban 2021, sannan Shugaba Donald Trump ya mayar da ita a ƙarshen Oktoban 2025, har da barazanar amfani da ƙarfin soja. Alƙaluman da ake yawo da su a majalisun Amurka daga nan gida suke fita, daga ƙungiyoyin da wasunsu gawar ɓangare ɗaya kawai suke ƙirgawa. Mutumin Birnin Gwari ko na Giwa da aka kashe masa 'yan'uwa, ya ji ana maganar kisa a Kaduna ba a ambaci nasa ba, me zai ɗauka? Haka shi ma mutumin Kaura ko Zangon Kataf yake ji idan aka ce masa abin da ke faruwa a ƙauyensa "rikicin manoma da makiyaya" ne kawai.

Kururuwa da farashin fansa

Illa ta biyu ta fi wuyar faɗa, domin ta shafi abin da dukkanmu 'yan jarida muke yi. Sace 'yan matan Chibok 276 a Afrilun 2014 ya jawo gangamin da ya karaɗe duniya, kuma da ba don shi ba da wataƙila gwamnatin wancan lokacin ta ci gaba da yin biris. Amma masu ɗauke da makamai su ma suna da rediyo da waya. Wata biyu kafin Chibok an kashe ɗalibai maza da dama a kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi, duniya ba ta girgiza kamar haka ba. A Mayun 2017 aka saki 82 daga cikin 'yan matan Chibok bayan musaya da kwamandojin Boko Haram. Lissafin da kowane ɗan ta'adda zai yi mai sauƙi ne: ɗalibi a hannu ya fi gawa daraja. Sai ga Dapchi a 2018, Ƙanƙara a Disambar 2020, Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021.

Ƙaramar Hukumar Chikun, inda Gonin Gora take, ta sha wannan ɗaci. A Afrilun 2021 aka sace ɗaliban jami'ar Greenfield da ke kan hanyar Abuja, aka nemi naira miliyan 800, aka kashe biyar daga cikinsu don a matsa wa iyaye da gwamnati. A Yulin shekarar aka kwashe ɗalibai fiye da 120 na makarantar Bethel Baptist. Waɗanda suka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari ranar 28 ga Maris ɗin 2022 kuwa da kansu suke ɗaukar bidiyon fasinjojin da suke riƙe da su, har da wanda suke zane su da bulala, suna turowa don su san za mu yaɗa. Muka kuwa yaɗa.

A ƙarshen Fabrairun 2024 'yan bindiga suka shiga Gonin Gora da dare suka tafi da mutum 16. Abin da aka ruwaito sun nema shi ne naira tiriliyan 40 da motocin Hilux 11 da babura 150. A lokacin, kasafin kuɗin gwamnatin tarayya na shekarar gaba ɗaya bai kai tiriliyan 29 ba, don haka su kansu sun san babu mai biyan wannan. Amma adadin ya yi musu aikin da suke so, domin babu jaridar da ba ta buga shi ba. Mako ɗaya bayan haka aka sace ɗaliban Kuriga, a Chikun ɗin dai. Aka fara cewa 287 ne, duniya ta ɗauka a haka, da aka sako su ranar 24 ga Maris gwamnati ta ce 137 ne. Irin wannan tazara tana da illa ta fuska biyu: tana kumbura kan ɓarayi, tana kuma ba hukuma damar cewa masu ƙorafi ƙarin gishiri suke yi, har a ranar da suka faɗi gaskiya tsantsa.

Wannan ba kira ba ne a yi shiru. Iyayen da aka sace wa yaro ba su da wani makami sai kururuwa, kuma shirun da ake yi kan ƙauyukan da babu mai jin labarinsu bai hana a sace su ba. Abin lura shi ne akwai bambanci tsakanin matsa wa gwamnati lamba da zama lasifikar ɓarawo.

Mai laifi yana koyon darasi

Masana sun daɗe da gano cewa wanda aka kunyata ba lallai ne ya tuba ba, sau da yawa salo yake canzawa. Wata malamar jami'a a Amurka, Emilie Hafner-Burton, ta yi nazarin ƙasashe 145 daga 1975 zuwa 2000, ta gano cewa gwamnatocin da aka fallasa sukan gyara wani ɓangare, misali su sassauta kan zaɓe, amma su ci gaba da kisa da azabtarwa, wani lokacin ma su ƙara. Wani masanin, Darius Rejali, ya nuna a littafinsa na 2007 yadda sa ido ya sa masu azabtarwa suka koma hanyoyin da ba sa barin tabo a jiki. A Darfur gwamnatin Sudan ta jingina ƙazamin aikinta ga 'yan Janjawid don ta samu bakin musu, kuma su ne suka rikiɗe suka zama dakarun RSF da ke yaƙi da sojojin ƙasar tun Afrilun 2023.

Mu ma a nan mun ga yadda ake gaggawar ɓoye shaida. Bayan arangamar sojoji da mabiya Sheikh Ibrahim Zakzaky a Zariya a Disambar 2015, sai a Afrilun 2016 Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna ya shaida wa kwamitin bincike na Mai Shari'a Mohammed Lawal Garba cewa an binne gawa 347 a ƙabari guda a Mando. Cikin dare aka yi wannan binnewa. Haka kuma yawaitar 'yan sa-kai da rundunonin tsaro na jihohi a Arewa maso Yamma, duk da buƙatar da ta haifar da su, ta zo da tambayar da ba a cika amsawa ba: idan suka kashe wanda bai ji ba bai gani ba, wa za a tuhuma? Masu sa ido sun saba da bin diddigin mai kaki da lamba, mai gora da bindigar toka ya fi wuyar kamawa a rubuce.

Wanda ya ba da labari shi ma yana cikin haɗari. An tsare ɗan jarida Luka Binniyat kusan wata uku daga Nuwamban 2021 kan rahoton da ya rubuta game da kisan Madamai a Ƙaramar Hukumar Kaura. Idan wanda ake ji da shi a jarida ya kwana a kurkuku, ina ga manomin da ya zauna da baƙi masu littafi da biro a ƙofar gidansa, kowa a ƙauye yana kallo? Masu binciken sukan koma Abuja ko Landan, shi kuwa yana nan tare da masu kai wa 'yan bindiga tsegumi.

Akwai kuma fushin da ke sauka kan wanda bai rubuta rahoton ba. Ranar 4 ga Maris ɗin 2009 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ba da sammacin kama Shugaba Umar al-Bashir, nan take Sudan ta kori ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje guda 13, waɗanda 'yan gudun hijirar Darfur suka dogara da su wajen abinci da ruwa da magani. A Najeriya, tun da Amnesty International ta fitar da rahotonta na Yunin 2015, inda ta ce fiye da mutum 7,000 sun mutu a hannun sojoji a tsare tun 2011, dangantaka tsakanin sojoji da ƙungiyoyin waje ta ƙara tsami. A Disambar 2018 rundunar soja ta dakatar da ayyukan UNICEF a Arewa maso Gabas na ɗan lokaci, a Satumban 2019 kuma ta rufe ofisoshin Action Against Hunger da Mercy Corps bisa zargin taimaka wa 'yan ta'adda. Duk ranar da aka rufe irin waɗannan ofisoshi, mai jego a sansanin gudun hijira ce ke kwana da yunwa.

Rahoto ba hukunci

Illa mafi girma ita ce wadda muka saba da ita har muka daina ganinta. A Disambar 2013 Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan Filato da Kaduna, ta raɗa masa suna da maganar da ake faɗa wa wanda aka zalunta, wato a bar wa Allah komai. Ta ce fiye da mutum 3,000 aka kashe a jihohin biyu tun 2010, kuma da ƙyar aka hukunta wani. Kwamitin Sheikh Ahmed Lemu ya miƙa rahotonsa kan rikicin 2011, kwamitin Mai Shari'a Garba ya ba da shawarar a gurfanar da sojojin da ke da hannu a kisan Zariya, mai gabatar da ƙara ta kotun duniya Fatou Bensouda ta ce a Disambar 2020 akwai dalilin bincikar Boko Haram da jami'an tsaron Najeriya. Ina aka kwana?

Duk rahoton da ya ambaci laifi aka ajiye shi a kabad yana koyar da darasi biyu. Mai laifi ya koyi cewa ko an rubuta babu abin da zai faru. Wanda aka zalunta kuma ya koyi cewa ya tona ciwonsa a banza, don haka gobe ba zai yi magana ba, ko kuma ɗansa ya nemi haƙƙinsa a kan titi da adda. Matashin da ke tare hanya a Gonin Gora da wanda ke tare ta a wata unguwar arewacin kogi makaranta ɗaya suka yi, makarantar da ta nuna musu cewa kotu ba ta zuwa.

Duk da haka, zalunci ne a ɗora wa masu sa ido laifin da na gwamnati ne. Da babu Amnesty da hotunan tauraron ɗan'adam na ƙabarin Mando, da babu jaridu da ƙungiyoyin da suka tsaya kan Tudun Biri bayan jirgin soja marar matuƙi ya kashe masu Mauludi ranar 3 ga Disambar 2023, inda hukumar NEMA ta ce mutum 85 suka rasu, Amnesty ta ce sun haura 120, da yawancin waɗannan rayuka sun tafi ba a ko ƙirga su ba. Madubi ba shi ya jawo muni ba. Abin da ake nema shi ne mai riƙe da madubin ya san inda yake haskawa.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, ƙidaya ta zama ɗaya. Gwamnatin Kaduna ta taɓa fara abin kirki lokacin da Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida take fitar da alƙaluma a bainar jama'a: mutum 937 aka kashe, 1,972 aka sace a 2020, sannan 1,192 aka kashe, 3,348 aka sace a 2021. Ya kamata irin wannan aiki ya zama doka, ya kuma fita daga hannun 'yan siyasa. A kafa rajista guda a ƙarƙashin Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, JNI da CAN da SOKAPU da Miyetti Allah su zauna a teburi ɗaya su tantance kowane suna. Wanda ya sa hannu kan gawar ɗan'uwansa, ya sa hannu kan ta maƙwabcinsa. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun nuna tun a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna ta Agustan 2002 cewa zama irin wannan mai yiwuwa ne.

Na biyu, rahoto ya nemi mai laifi, ya bar unguwa da ƙabila. A ce wasu matasa sun tare hanya a wuri kaza, an kama mutum kaza, shari'arsu tana kotu kaza. Wannan ya shafi Gonin Gora kamar yadda ya shafi rugar Fulani da ake ƙonawa saboda laifin ɗan bindigar da ko saninsa ba su yi ba.

Na uku, mu 'yan jarida mu yi wa kanmu linzami. Bidiyon da ɓarawo ya ɗauka don a yaɗa, a ba da labarin abin da ke ciki ba tare da an yaɗa shi ba. Adadin da ba a tantance ba, a faɗi wanda ya bayar da shi, a kuma dawo a gyara da babbar murya idan ya canza. Kuɗin fansar da aka ambata don burga bai cancanci zama kanun labari ba.

Na huɗu, ƙungiyar da ta ɗauki shaidar mutum ta ɗauki nauyin tsaronsa. A gana da shi inda ba a gani, a ɓoye abin da zai sa a gane shi, a bar masa lambar da zai kira idan abu ya taso, a kuma koma a gaya masa inda maganarsa ta kai, cikin harshen da yake ji. Rahoton da aka rubuta da Turanci kan mutanen Chikun, aka ƙaddamar da shi a otel a Abuja, su ne na ƙarshe da ke jin abin da ke ciki.

Na biyar, Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ta yi dokar da za ta tilasta wa gwamnati fitar da matsayarta kan rahoton duk wani kwamitin bincike cikin ƙayyadadden lokaci, tare da bayanin Babban Lauyan Jiha kan wanda za a gurfanar da dalilin barin wanda aka bari. Sulhun da Gwamna Uba Sani ya ƙulla a Birnin Gwari a ƙarshen 2024 ya buɗe kasuwanni da hanyoyi, abin a yaba ne, amma sulhun da ya share bayanan waɗanda aka kashe yana barin garwashi a ƙarƙashin toka.

Iyalan matafiyan da aka kashe a Gonin Gora a 2012 suna jiran a nuna musu wanda ya yi. Iyalan da aka fasa wa ƙofa a Gonin Gora a 2024 su ma abin da suke jira ke nan. Buƙatarsu ɗaya ce, kuma hukuma ɗaya suke bi bashi. Ranar da suka gane haka, masu cin riba da rabin rahoto za su rasa kasuwa. Allah Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa.